Ƙafafun Amarya a Jikin Tela

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke shekarar da hannuna ya daina jin maganata. An daɗe da yin abin, amma har yau in na tuna sai in rasa dariya ta kamata in yi ko kuka.

Ni tela ne a Yamai. Iyayena mutanen Tawa ne, amma a nan na buɗe ido, a nan na koyi sana'a, shagona kuma yana bayan kasuwar Katako inda ƙarar zarto ba ta barin mutum ya ji kiran salla da kyau. Ba ɗinkin keke ne ya yi mini suna ba. Aikin hannu ne, irin adon da ake yi wa babbar riga a wuya da ƙirji da allura da zare. Ba yabon kai ba, a lokacin in na sa allura a wuri, nan take sauka, ko gashi ba ta kaucewa. Da wannan hannun nake ci, da shi nake ciyar da matata da yara da mahaifiyata.

Ana saura 'yan watanni babbar salla wani Alhaji daga unguwar Koira Kano ya kawo mini farar shadda, ya ce yana son aikin da in ya shiga filin idi kowa zai waiwayo. Na ce an gama. Ina tsakiyar aikin ne na fara lura zare ba ya son shiga kafar allura. Na ɗora wa ido laifi, na sayi tabarau. Da tabarau ɗin ne ma na ga gaskiya ƙarara: yatsuna ne ke rawa. Rawa ce 'yar ƙarama, wadda mai tuƙa taksi ko mai sayar da albasa ba zai ko kula da ita ba, amma ni a wurina ita ce duniya.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Barci ya ƙaurace mini. Bakina kullum ɗanɗanon ƙarfe. In ajiye almakashi in manta inda na sa shi alhali yana kan cinyata. Ni da aka sani da raha sai ga ni ina yi wa yara tsawa don sun yi dariya. An auna ni an ce ba zazzaɓin sauro ba ne, ba sukari ba ne. Wani ya ce shayi ya yi mini yawa, na rage. Wani ya ce shayin ne ma ban sha isasshe ba. Na sha rubutu, na yi turare, hannu dai yana nan yana kaɗawa.

Akwai kuma wani abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni baƙi ne, baƙi sosai, irin wanda tun muna yara abokai ke cewa in aka ɗauke wuta sai na yi murmushi ake gane inda nake. To sai ga ƙafafuna sun fara haske. Daga idon sawu zuwa ƙasa suka yi jajir, suka yi laushi, fason da na yi shekaru ina fama da shi ya ɓace. Tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan, wata muguwar cutar fata ce ta fara cina daga ƙasa. Sai na koma sa safa. A zafin Yamai, mutum da safa har cikin gida! In zan yi alwala sai na faki ido na juya baya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka tura ni asibiti wurin wata lokotoro, wato likita, mace mai yawan tambaya. Ta sa na miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takardar ta kama rawa. Ta leƙa dasashina. Sai ta ce, "Malam, ka taɓa zuwa haƙar zinariya?"

Na ce, "Zinariya? Madam, ni ko zoben azurfa ban da shi."

"Ba ka aiki da maƙeran zinariya? Ba a taɓa fasa abin auna zafin jiki a ɗakinka ba?"

Na ce ni tela ne. Ta sa aka ɗauki fitsarina aka aika wani wuri, ta ce sai na yi haƙuri don sakamakon yana daɗewa. Da ya dawo ta kira ni ta ce akwai merkur a jikina, kuma da yawa.

Ni abin da na sani mai irin wannan suna shi ne jan maganin nan da ake ɗiga wa yara in sun ƙuje gwiwa. Na ce rabona da shi tun ina makarantar allo. Ta ce ba shi take nufi ba, ruwan ƙarfen nan ne mai walƙiya mai gudu, wanda Hausawa ke kira zaiba. Ta ce in je in yi tunani a kan duk abin da nake ci da wanda nake taɓawa, in dawo mu zauna.

Da na san abin da kalmar nan za ta haifar a gida da na bar ta a asibiti. Ina cewa zaiba, Inna mahaifiyata ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Zaiba? Ai wagga ba cuta ba ce, ɗana, hannu ne! Zaiba ba ta tahiya da ƙafarta ta shiga cikin mutum. Ba ka aka yi. Wa ke ba ka abin sha a kasuwa?"

A wurin Inna, zaiba kayan bokaye ce, ba ta san ta da wani aiki ba. Wanda ke ba ni abin sha kuwa mutum ɗaya ne, telan da ke shagon da ke manne da nawa, abokina tun muna koyon aiki, shi ke dafa mana shayi kullum. Ban yarda ba, amma ban kuma ƙi yarda ba, don a lokacin kaina ya zama kasuwa, kowa ya kawo magana sai ta sami wurin zama. Washegari ya miƙo mini kofi na ce na ƙoshi. Jibi ma haka. Bawan Allah ya dube ni ya ce, "Lahiya dai?" Na ce lafiya lau. Ya mayar da shayinsa cikin buta.

Duk wannan abin da ake yi, matata kauce wa zancen take yi. In Inna ta fara lissafin maƙiya sai ta tashi ta shiga madafa. Na ɗauka damuwa ce.

Ranar da na koma asibiti, lokotoro ta ce in cire takalmi da safa za ta duba ko ƙafata ta kumbura, don zaiba tana taɓa ƙoda. Na yi ta kame-kame, na ce ƙafata lafiyarta ƙalau. Ta ce cire dai. Na cire. Ta dubi ƙafa, ta ɗago ta dubi fuska, ta sake komawa ƙafa.

"Malam, waɗannan ƙafafun naka ne?"

"Da su na zo, Madam."

"To ai ƙafafun amarya ne. Wane man ƙara haske kake shafawa?"

Raina ya ɓaci. Ni, magidanci mai gemu, a ce ina shafa man bilicin? Na ce mata ba abin da ke taɓa jikina sai sabulu da man kaɗe, shi ma a ƙafa kawai, saboda faso. Ta tambaye ni yadda nake shafawa. Na ce da hannu mana, safe da yamma, in cusa shi sosai cikin tsagar. Ta ce bayan nan fa, ina wanke hannu da sabulu kafin in ci tuwo? Na ce man kaɗe ne fa, har a abinci ana sa shi. Ta ajiye biro ta ce in kawo mata man, in kuma zo da matata.

Na iso gida da azahar, matata tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na shiga ɗaki na ɗauko robar man daga bayan madubi, inda na tsince ta watannin baya lokacin da nawa ya ƙare. Tsohuwar robar man kaɗe ce, na san ta, warin ma na man kaɗe ne, sai ɗan ƙamshi da na ɗauka turare ta zuba. Na ce mata lokotoro na son ganin wannan, da ita kanta.

Tiren shinkafar ya kife.

Ta daɗe tana kuka kafin magana ta fito. Ashe haɗi ne, wanda wata mata ke yi a kusa da kasuwar Petit Marché, tana cakuɗa mayuka iri-iri da man kaɗe. Ta fara saye ne gabanin bikin ƙanwarta, don ta gaji da jin dangi suna cewa aure ya dafar da ita. Ta san ba na son irin waɗannan abubuwa, shi ya sa ta juye shi a tsohuwar roba don kada in gane.

Na ce, "To da kika ga ina shafawa fa?"

"Maigida, in na hana ka sai ka tambaye ni dalili. Na ce a raina ƙafa ce kawai, mi zai yi wa ƙafa? Tun kafin ka fara sa safa na ga fason ya warke, har na ji daɗi. Wallahi ban san akwai wani abu ciki ba. Da aka ce zaiba na yi ta tunani, amma na ce ina mai ina zaiba? Mai fari ne, zaiba kuwa an ce ruwan ƙarfe ce."

Na zauna a bakin rijiya riƙe da roba, na rasa abin da nake ji. Na nemi fushi ban same shi cikakke ba, don dariya na ta taso masa. Wata da watanni ina ɓoye mata ƙafafuna cikin safa, ita kuma tana ɓoye mini abin da ya mayar da su haka, muna kwana ɗaki ɗaya.

An auna ta, ita ma akwai a jikinta, har ƙodarta ta fara taɓuwa ba ta sani ba. Aka duba yara, Allah ya taƙaita. Lokotoro ta sa muka rabu da tawul da zannuwan gado, ta ce abin yana bin duk inda mai ya taɓa. Ta kuma ce doka ta hana sa zaiba a kayan shafa. Wannan magana ta ƙara rikita ni. In an hana, ya aka yi yake zaune a kan tebur tsakar kasuwa da rana tsaka? Ta ce ai ba a rubutawa a jiki, kuma ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai an kai ɗakin awo. Haɗin da aka zuba a roba kuwa ba shi da suna balle a san wanda za a tambaya.

Na ce to ni zan tambaya. Na sa matata ta kwatanta mini wurin, na tafi da niyyar tara wa matar nan jama'a. Na tarar da dattijuwa mai fara'a, Bazabarma, fuskarta ja, gaɓoɓin yatsunta baƙi. Ta gaishe ni da Zabarmanci ta ce, "Fofo, Alhaji, na madam za a ba ka?" Na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ba ta yi gardama ba. Ta jawo kwalayen da take haɗin da su ta tura gabana, wasu da rubutun da ni da ita ba mai iya karantawa, ɗaya ma an rubuta da Faransanci cewa babu merkur a ciki.

"To ka gani," in ji ta. "Ni wanne zan gane? Daga mai kawowa nike saye, shi ma sayowa ya yi. Ni ma shi nike shafawa, ɗiyata ma shi."

Ta miƙo mini kwalin don in duba da kyau, sai na ga yana rawa a hannunta. Duk faɗan da na taho da shi ya zube. Na ce mata ta je asibiti, na kwatanta mata inda lokotoron take. Ko ta je ko ba ta je ba, ban sani ba.

Rigar Alhaji kuwa, abokin nan nawa na kai wa. Na faɗa masa komai, har zargin Inna. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai sai na nuna masa ƙafafun, sannan ya karɓi aikin ya ƙarasa. Inna ta daɗe ba ta sakar wa matata fuska ba, kuma har ta bar duniya ba ta yarda cewa babu hannun maƙiya a ciki ba.

Mun sha magani, matata ta warke sarai. Ni ma barci ya dawo, mantuwa ta tafi, rawar hannu ta ragu har ba mai lura da ita. Amma in na ɗauki allura yanzu, kusa da inda na nufa take sauka, kuma a aikinmu kusa ba aiki ba ne. Na koma ɗinkin keke, ina yi wa 'yan makaranta riga da wando, muna ci muna sha, alhamdu lillahi.

Abin da na koya shi ne, kada ka yarda cewa don an hana abu ya daina zuwa, kuma duk man da ba shi da suna da inda aka yi shi, kada ya kwana a ɗakinka ko da uwarka ce ta haɗa. Na kuma gane cewa a gida ɗaya babu abin da mutum zai ce jikinsa kaɗai ya shafa wa. Matata fuskarta ta so ta gyara don bikin yini ɗaya, ni kuma sana'ar da na yi rabin rayuwata ina koyo ce ta tafi.