Sarkin da Ya Hana Garinsa Tari

Ruwa ya hana ni fita tun safe, ko da yake ba ruwan kaɗai ba ne. Motar hayar da nake tuƙawa daga Masaka zuwa Garki tana ajiye a bakin layi. Ni kuwa ina zaune a ɗakinmu ƙwaya ɗaya, na jingina da bango, ina kallon ƙirjin 'yata Jidda yana hawa yana sauka. Ko makaranta ba ta isa shiga ba. Mura ce ta kama ta, kuma ni na kwaso mata ita a cikin fasinjoji. A wannan zaman ne Iya ta faɗo mini a rai.

Iya ita ta haifi babana. Muna tsohon ƙauyen Garki a lokacin, babana yana leburanci a gine-ginen gwamnati. Da damina, in an idar da magariba, ruwa kan tsare mu a rumfar girkinta, mu da 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi. Kwano yana yoyo, hayaƙi yana cin ido, tukunyar citta da kanumfari tana tafasa a murhu. Kowane yaro hancinsa na zuba. Sai ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna."

Wai akwai wani gari mai ƙofa ɗaya. Wani baƙo ne yake damunsu, ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa, iska yake hawa ya shigo. In ya sami gida ya kwana, kafin gari ya waye ya cika gidan da irinsa. Don haka mutanen garin suka sa mata su riƙa kwarara miyar kuɓewa a ƙofa, duk baƙon da ya taka sai ya maƙale. Masu shara su turo shi baya, makaɗi ya daki ganga, a watso shi waje. In baƙin sun yi yawa, maƙera su hura wuta har garin ya yi zafi, su kasa sakewa.

Sai aka yi wani sarki mai son barci. Ya ce ganga ta dame shi, ƙofa kuma ta yi ƙazanta. Ya sa aka ƙwace gangar, aka kori masu miya, aka toshe ƙofa da tsumma.

Na ce, "To Iya, ai ya yi gaskiya. Wa ke son ƙara?"

Ta nuna ni da ludayi. "Ku ji mini maigidan nawa. Ranka ya daɗe, ashe kai ne sarkin. Shi ya sa na ƙi aurenka, ga barci ga majina."

Aka kwashe da dariya, na ɓuya a bayan zanenta.

Garin ya yi tsit, in ji ta, amma baƙin da ke ciki ba su da hanyar fita. Suka yi ta yaɗuwa har ɗakin sarki. Wata tsohuwa ce ta ceci garin. Ita ba ta faɗa, kallo take yi. Ta ƙare wa baƙon kallo, ta kwatanta wa maƙera wuyansa, suka ƙera ƙugiya daidai da shi. Aikin ya ɗauki kwanaki, sai da aka jira. Daga nan ko yaushe ya dawo, tun daga ƙofa take gane shi.

"To me ya sa muke sake yin mura?" in ji wata yarinya.

"Ƙaninsa ne, ya sako wata riga," in ji Iya. "Ta ƙare. Kowa ya je ya fyace hancinsa."

Na girma ina ɗaukar wannan wasan yara ne. Sai makon nan.

Da zazzaɓi ya kama Jidda, uwarta Rabi ta kai ta gwaji aka ce ba maleriya ba ce. Ni kuma na biya kemis na sayo kafso da maganin tari mai sa barci. Na rufe taga, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na naɗe yarinyar da bargo, wai kada sanyi ya ƙara shigarta. Haka na gaya wa Rabi. Gaskiyar ita ce sammako nake yi don in riga cunkoson hanyar Keffi, tarin kuwa yana hana ni runtsawa. Allah ya sani, barcina na saya, ba lafiyarta ba.

Yau da safe ta yi laushi, idonta a lumshe, ƙirjinta yana kurkur. Rabi ta kira maƙwabciyarmu Maman Grace, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato. Tana shigowa ta yaye bargon.

"Oga Sule, wane ne ya ƙulle yarinya kamar alale? Buɗe wannan taga. Mura bairas ne, kafso ba ya ganin shi. Jikin yarinya ne zai yi faɗan. Majina yana kama shi, tari yana fitar da shi, kai kuma ka kashe tarin."

Na tashi na buɗe tagar, ita kuma ta ci gaba.

"A ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan. In zafi ya dame shi, farasitamol. Sojan jini yana koyon fuskar ciwon, sai an ba shi lokaci. Amma ka duba nan." Ta ɗora yatsa a ƙasan haƙarƙarin Jidda. "In wurin nan yana lotsawa, ko numfashi yana gudu, ko ya ƙi sha, asibiti kai tsaye. Kada ka jira ni."

Shi ya sa nake zaune. Ba zan iya fita aiki ba, ba zan iya shiga jikinta in taya ta ba. Makullin mota yana aljihuna, ina ta lissafin yadda hanya za ta kasance cikin ruwan nan in ta kama mu tafi. Ban yi karatu mai zurfi ba, Iya kuwa ko allon boko ba ta taɓa gani ba, amma yanzu na gane abin da take gaya mana a bakin murhu. Mai ƙarar nan da mai ƙazantar nan, su ne masu gadinmu. Ni da ya kamata in taya su, ni na kore su.

Na zare tsumman ƙofa. Taga a buɗe take, feshin ruwa yana jiƙa gefen katifa, na bar shi.

Ɗazu maganin ya sake ta. Ta buɗe ido, ta turnuƙe da tari mai ƙarfi har da kuka, majina ta zubo. Rabi ta dube ni a tsorace, tana jiran in yi tsaki kamar yadda na saba. Na ɗauki yarinyar na zaunar da ita a cinyata, na share mata hanci da gefen rigata, na miƙa hannu a ba ni kofin kunu.

Na ce, "Daki gangarki, uwata. Sarki ya farka."