Kwaɗon Zogalen Inna da Ƙarfen Zuciyata

Salamu alaikum. Na san na yi shiru da yawa. Ban so labarin nan ya kai kunnen mahaifiyata ba ne. Yanzu kuwa Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta.

Tun ina budurwa numfashi ke yi min wuya. Bayan na yi aure ma, daga gidanmu a Daura zuwa bakin titi sai na zauna na huta. Hoton zuciya ya nuna wata ƙofa a ciki ta lalace. Maigidana ya sayar da shanunsa, aka yi min aiki, aka sa min ta ƙarfe.

Likita ya ce, "Jini ba ya shiri da ƙarfe, daskarewa yake a kansa. Maganin tsinka jinin da zan ba ki, har ƙarshen rayuwa ne."

Aka kai ni Zango jinya wurin Inna. Ita dai ta ji an ce maganin jini, shi ke nan, 'yarta jini ne ya yi mata kaɗan. Ta hau tsinko zogalen bayan ɗaki. Safe kwaɗo, rana kwaɗo, ƙuli ya ji, ga albasa. Tana zaune a gefen tabarma tana hararata. "Cinye, 'yar nan. Kin yi fari fat kamar ba ni na haife ki ba."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zama irin na watannin nan ba. Na koma yarinya, har kitso take yi min.

Ƙarfen yana ƙara, ƙas-ƙas, kamar agogo. Wata safiya ina alwala na ji ya dusashe, numfashi ya tsaya min a wuya. Na tsorata, na zaci tafiya ce.

A asibitin Kano aka sa min oksijin, ana ta ɗibar jini. Gudan jini ne ya maƙale ƙofar. Da allura aka narkar da shi, Allah Ya sa ba a sake buɗe ni ba. Likita ya tambayi abin da nake ci, na faɗa, ya dafe kai. Ashe ganye mai yawa haka rage wa maganin ƙarfi yake.

Da likita ya fita, Inna ta shigo ta matso. "Me suka ce ya jawo?"

Na ce, "Ƙarfen ne kawai, Inna."

"Ai na sani. Da ba don zogalen nan ba, ina za ki samu ƙarfin jurewa?"

A haka na bar ta har ta koma ga Allah.

Alhamdulillahi, na warke. Na gode wa likitocina, da maigidana, da ku masu addu'a. Mai shan maganin tsinka jini, kada ka tsallake gwaji, kada ka ƙara ganye ko jiƙo sai ka tambayi likita. Ka kuma je asibiti da mai dafa maka abinci, ta ji bayanin da kunnenta.

Ni dai da Inna za ta dawo ta miƙo min kwanon nan, ban san yadda zan ce mata a'a ba.