Hannun Hagun Gwaggo Batula

Duk wanda ya san Gwaggo Batula ya san ba a taɓa mata hannun hagu, ko jariri ne ba ta saɓa shi a nan. Wurin aiki ne. Duk haɗin da ta yi, dilka ce ta gyaran jiki, humra ce, ko man karkar na gashi, sai ta ɗiga shi a damtsen nan ta zagaye da kwalli, ta jira kwana uku kafin ya taɓa jikin wata. Shekara arba'in tana haka, har hannun ya koma kamar bayan zabuwa. In kin matsa mata da gaggawa ta ce, "Fata ba ta ƙarya, ya binti, nauyin baki ne da ita."

Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi a nan Gadarif, ni ce mai niƙa da tankaɗe. Amma wallahi ban taɓa sanin abin da ke cikin dilkarta ba. Da ta zo zuba kayan ƙamshi sai ta aike ni kiran maƙwabciyar da ta san ba ta gida. Gwangwanayenta kuwa duk sunan ƙarya ta rubuta musu. Baba ya taɓa zuba wanda aka rubuta wa "gishiri" a wakensa, ya kwana biyu yana gyatsa kamar ɗakin amarya. Da ya yi ƙorafi ta ce, "Wa ya aike ka karatu a ɗakina?"

Ga maƙo! Ruwan da aka ɗauraye turmin sandal da shi ba a zubarwa, da shi ake wanke labule. Ta ce abin da ka zubar, Shaiɗan ne ke tsinta.

Da yaƙi ya koro mutane daga Hartum, Salma 'yar maƙwabtanmu ta dawo gida. Haɗa magunguna da mayukan fata ta karanta, ta kama aiki a wani kantin magani. Wata rana ta shigo da littafi da biro, wai tana tattara haɗe-haɗen matan gari don a san mai amfani da mai cutarwa.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar kwalabe, jami'a ba ta ƙosar da ke ba sai kin haɗa da tukunyata? Sha shayinki ki gaida uwarki."

To sai ga bikin Ihsan, 'yar wani manomi daga Doka, wadda aka kawo gidan innarta don Gwaggo ta yi mata gyaran jiki. Ni na fi amaryar ɗoki. Kaina cike yake da littattafan soyayya, na riga na tsara yadda ango zai ɗaga mayafi, numfashinsa ya ɗauke, duniya ta yi tsit.

Saura kwana shida, da hantsi, uwar Ihsan ta faɗo gidanmu ba sallama tana janye da ita, ta yaye mata mayafi. Hannuwan yarinyar da kafaɗunta sun yi jajir, sun kumbura, ga ƙuraje masu ruwa.

"Hajja Batula, dubi! Laraba dangin miji za su iso. Wannan zan nuna musu? In ta yi tabo fa?"

Gwaggo ta tsura wa Ihsan ido. "Kin shafa man nan na kasuwa da ake sayarwa cokali-cokali?"

"Wallahi, Habboba, sai naki," in ji ta, don haka ake kiran kaka a nan.

"Kin ci kifi?"

"A'a."

Sai ta juyo kaina. "Ke mai karatun soyayya, kuka kika yi mini a cikin garin dilkar?" Ta zare hannun riga ta nuna musu zagayen kwallin. Fes, ko ɗigo babu. "Ga shaidata. Ba dilkata ba ce."

Kafin la'asar kumburin ya hau wuya. Ihsan ta daina magana, hawaye kawai. Ni kuma na san wasu amare uku sun ɗiba daga tukunyar nan. Ban nemi izini ba, na ruga na kira Salma.

Salma ta sa aka wanke jikin da ruwan sanyi, ta ba ta ƙwaya, sannan ta durƙusa gaban Gwaggo. "Hajja, wannan zai rage ƙaiƙayi. Amma in ban san abin da ya jawo ba, ba zan iya ce miki ba zai kai maƙogwaro ba. Lissafa mini abin da ke ciki."

Gwaggo ta kalli uwar amarya, ta kalle ni, ta kalli gwangwanayenta.

"Bakwai ne," ta ce, ta raɗa mata a kunne.

"Saura?"

"Ya salam! To, tara ne." Ta ƙara raɗawa.

"Babu mai yin haka a ciki. Me ya sauya bana? Man riɗin?"

"Na mutumin nan mai matse shi da raƙumi ne, kamar kullum."

"Itacen da kike turara ta da shi fa?"

"Wanda uwata ta yi amfani da shi."

"Dawar da kika yi garin da ita fa?"

Gwaggo ta ɗauki mafici ta shiga fifita murhun da babu wuta a cikinsa.

"Hajja," in ji Salma, "wuyan yarinya ne."

Nan maganar ta fito. Ashe wani direban tarakta daga gonakin Simsim ne ya ba ta rabin buhu na ragowar iri, wanda ake cuɗawa da jan magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa.

"Kyauta fa! Kuma na wanke ta sau bakwai, kamar kwanon da kare ya lasa. Jan duk ya fita."

"Launi ne ya fita, Hajja, magani bai fita ba."

"To hannuna fa? Ƙarya ya yi?"

Salma ta kama hannun da ba a taɓawa, ta latsa. "Wannan hannun ko kunama ce ta harbe shi, ita za a kai asibiti. Fatar mutum ɗaya ba ta isa gwaji ba, balle wadda ta shekara arba'in tana shan wuya."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Aka ɗauki Ihsan zuwa asibiti, Salma na riƙe da dawar a ƙulle a leda don likita ya gani. Ni kuwa na matsa kusa da Gwaggo na ce mu karɓo sauran dilkar a asirce, mu ce ta lalace, kada sunanta ya zube.

Sai ta ce, "Direban nan ba ni kaɗai ya ba wa ba. Miƙo mini sandata."

Gida uku muka shiga kafin magariba, a kowanne da bakinta ta faɗi abin da ta yi. Ɗaya daga amaren ta riga ta shafa a ƙafa. Washegari ta sa aka tara mata masu haɗa dilka na unguwa, har da waɗanda ba ta gaisawa da su, ta zaunar da Salma a tsakiya da littafinta. Ta faɗi zancen dawar, mata biyu suka sunkuyar da kai, su ma tana ɗakinsu. Sannan ta zayyana haɗin nata kaf, don kowace ta san ba daga kayan ƙamshin ba ne.

Hajja Kaltume, babbar abokiyar hamayyarta, ta dafe ƙirji. "Ashe ɓawon lemo ne! Shekara ashirin ina neman abin nan!"

"Sa a rubuta miki, Kaltume," in ji Gwaggo, "kanki ba ya riƙe abu."

Daga ranar duk Alhamis suke haɗuwa, kuma duk sabon haɗi sai an gwada a hannun mata biyar.

Ihsan kuwa, kwana biyar Gwaggo ta yi a gefenta da mafici, da ta kai hannu za ta sosa sai Gwaggo ta maka mata shi. Ranar Laraba kumburi ya saɓe, sai ɗan duhu a gwiwar hannu da bai kai wata biyu ba ya ɓace. Na kutsa na tsaya inda zan ga ango ya ɗaga mayafi. Ya ɗaga, ya dube ta, na riƙe numfashina, sai ya saki atishawa uku a jere. Humra ta yi masa yawa.

Bara Gwaggo ta rasu. Ihsan ta zo gaisuwa daga Doka da goyo, ta zauna a bakin murhu ta ƙi tashi har aka watse.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Kin tona asirinki da bakinki don 'ya'yan wasu su tsira, Allah ya rufa miki naki a ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.