Ɓerayen da Suka Iya Mayar da Murfi

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Farfesa Sa'idu, malamin ilimin noma a jami'a nan Abuja. Ni ba ɗalibinsa ba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Ni ne mai riƙe makullin ɗakin da yake ajiye iri, kuma akwai maganar da na ɓoye masa har ya koma ga Allah.

Farfesa yakan bi ƙauyuka yana karɓo tsofaffin irin dawa daga hannun manoma, ya zuba a kwalba, ya manna takarda. Ni a lokacin gani nake wahalar banza ce, tunda ga irin zamani a kasuwa. Wata rana na juye kwalba uku na kai wa kajina a Kuje. A ciki har da wata jar dawa mai nuna da wuri, wadda ita kaɗai ta rage masa. Da ya tambaya, na ce ɓeraye ne.

Ya ɗaga kwalbar ya jujjuya ta, ya ce, "Malam Haruna, ɓerayen ɗakin nan akwai tarbiyya. Har murfi suke mayarwa."

Bai kore ni ba, bai kai ƙarata ba. Cewa ya yi in shirya, ranar Asabar za mu Abaji neman irin jar dawar. Asabar biyar muna bin gida-gida kafin muka dace da wata tsohuwa da ta rataye zangarniya biyu ta dawar a saman murhu. Ta ce, "Oga, wannan na kakana ne. In ya ɓace a hannunka, shi ke nan ya ƙare." Farfesa ya karɓa da hannu biyu, ya miƙo mini, ya ce da ita, "Mama, wannan ne zai riƙe." Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Tun daga shekarar ban taɓa tsallake damina ban shuka ta ba, har bayan na yi ritaya. Bana ruwa ya ɗauke da wuri a wajenmu. Dawar maƙwabta ta tsaya da ganye, tawa kuwa ta riga ta nuna. Yanzu manoma ke sallama a ƙofata, kowa da 'yar ledarsa. Ɗalibansa da suka zama manya a ma'aikatu ma sun zo sun gani da idonsu, har ɗaya ya yi hawaye. Da Farfesa yana raye na san ba zai tsaya dogon jawabi ba. Hula zai tura ƙeya ya tambaya ko an rubuta ranar shuka. An rubuta, Farfesa, kowace shekara.

Littattafansa suna nan ga masu iya karanta su. Ni abin da ya bar mini shi ne amanar da ya ɗora mini a ranar da ban cancance ta ba. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini. Duk wanda na ɗibar wa irin nan sai na faɗa masa sunan Farfesa Sa'idu, sannan in gaya masa abin da na kasa gaya wa mai shi: ba ɓeraye ba ne, ni ne.