Sun Rubuta Cewa Baba Kunne Ya Kurumce

Sun kori Baba Kunne daga makarantar koyon kiɗa, suka rubuta a takardar sallama wai ya kurumce. Shekara talatin da ɗaya yana saita musu piyano, su da bakinsu suka laƙaba masa wannan suna.

Ran Asabar yake zuwa, da jakar fata mai sifana ɗaya da jan ƙyallen da yake cusawa tsakanin wayoyi. Sai ya kashe fanka, ya rufe tagogi, ya zauna cikin zufa yana danna maɓalli biyu tare, kansa a karkace. A gida ma haka yake. Tun suna amarci matarsa ta daina jan kujera a kan siminti.

Faɗin gaskiya ne ya jawo masa. Sabon shugaban makarantar ya tarar da shi a bakin aiki, ya tambaye shi ko komai ya yi daidai.

"Ranka ya daɗe, piyano ba ta taɓa yin daidai," in ji Baba. "Sauti goma sha biyu ne. In ka daidaita kowanne da ɗan'uwansa tsaf, kana zagayowa za ka tarar da 'yar ragowa ta rasa mazauni. Ni rarraba ta nake yi, kowa ya ɗauki kaɗan, yadda kunne ba zai tsargu ba."

Shugaba ya yi dariya. "Tsoho, ka ce dai ba ka ji. Sai ka kawo mana lissafi?"

Kwamitin makarantar ya sallami Baba, aka miƙa aikin ga malamin gogen Turawa mai waya huɗu. Shi kuwa ya saita ta yadda yake saita gogensa, kowane sauti biyu tsaf, ragowar duk ta taru wuri ɗaya. Yanzu da ɗalibi ya kai hannu wurin, sai piyano ta yi kuka kamar an taka kare. Wai laifin zafi ne.

Maganar takardar kuma ta zaga gari. Otal biyu da gidan rediyon da ke kiran Baba sun daina. Bai yi musu da kowa ba. Yana zaune a ƙofar gida, maƙwabta suna ɗaga murya in za su gaishe shi, yana amsawa a hankali.

Shugaba, kai da kwamitinka, mu da muka san aikinsa ba cewa muka yi ku ji tausayinsa ba. Ku janye kalmar nan a rubuce, ku aika duk inda ta je, ku taka har gidansa ku karanta masa a gaban iyalinsa, tun yana da rai.