Kamarar Fulbert da Man Kaɗanya

Tun yana saurayi Fulbert ya sauko daga duwatsun Poli da kamara a wuya, ya buɗe shagon hoto a bayan babbar kasuwar Garwa. Rabin garin nan ta gabansa suka wuce: 'yan baftisma, alhazai, masu neman katin shaida. Da furfura ta kama shi sai ya tsiri gardama a kan kaptar, wato ɗan idon nan na cikin kamara mai kama haske. Kullum yana teburin mai shayi yana yanke wa kamfanoni hukunci: ta wannan tana cinye baƙar fata, ta wancan tsoron inuwa take.

Mutane sun ɗauka son sana'a ne. Matarsa Sidonie kaɗai ta san dawan garin, don a gabanta ya durƙusa ya gaida turmi yana zaton surukarsa ce. Idanunsa ne suke dushewa, shi kuwa yana neman idon aro kafin gari ya gane.

Ya sayar da babur ɗinsa, ya sa aka kawo masa kamara mai babbar kaptar daga Duwala. Aikinta na farko shi ne ranar mata, takwas ga Maris, da ƙungiyar mata 'yan kasuwa suka fito cikin zane iri ɗaya. Su ne ƙashin bayan shagonsa, kuma wani yaro Rostand ya daɗe yana zawarcinsu da kamarar da ke goge fuska sumul.

Washegari shugabarsu, Hadje Halime, ta dire masa hotunan a kan tebur.

"Musyo Fulbert, hoto na zo ko asibiti? Wannan layin na goshina ko mai gidana bai san da shi ba!"

"Hadje, kaptar ce mai faɗin gaskiya."

"To ta riƙe gaskiyarta. Gobe za mu sake ɗaura zanen. In ta kuma tona mu, Rostand yana nan."

Fulbert ya kai hoton kusa da hancinsa. Shi dai bai ga layi ba, kuma bai isa ya ce bai gani ba.

Da safe Sidonie ta ce bari ta goge masa kamarar. Ta lakato man kaɗanya da ɗan yatsa, ta shafa wa gilashin.

Hotuna suka fito luf-luf, kowace mace kamar ba ta taɓa shiga rana ba. Hadje ta yi guɗa.

"Yauwa! Yanzu ta koyi ladabi."

Bayan sun tafi, Fulbert ya ɗaga ɗaya sama yana murmushi.

"Sidonie, dubi kaifi! Har gashin ido ana gani."

"Ana gani, Baban Arlette."

Har yau yana teburin mai shayi yana rantsuwa ba kamfanin da ya kamo ƙafar nasa. Abin da ke damunsa kawai, man kaɗanya ba ya daɗewa a gidan.