Kalangun Da Na Ɓoye

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Isiya, abokina tun muna yara a Bakura, kuma har yau ban faɗi abin da na yi masa ba.

Hausa yake koyarwa a wata sakandare a Mafara. Yakan kunna wa ɗalibai kaset, ya ce kowa ya rufe ido. Ba ya karɓar "waƙar ta yi daɗi". Sai ka rubuta inda daɗin yake, me mawaƙi ya ce, me ganga ta ce, da wurin da yabo ya zarce gaskiya.

Wata Talata ya tura su kasuwa su saurari kalangu a rumfar mahauta. Ɗiyata Luba tana ajin. Wani tsohon makaɗi ya tambaye ta gidansu, da ya ji sai ya kaɗa mata taken mahaifina. Mu mahauta ne. Ni na bar fawa na koma sayar da yadi, na yi shekaru ina binne wannan asali. Luba ta cika shafi biyu a kan taken, Isiya ya karanta a gaban aji.

Da murna ya zo shagona. "Mamman, ɗiyarka kunne gare ta. Ta ji abin da ni ban jiya ba."

Na yi murmushi. Bayan kwana uku na aika wa shugaban makarantar takarda ba suna, cewa malamin nan kiɗa yake koya wa yara. Na fake da addini, alhali kunya ce kawai take cina. Aka mayar da shi wata makaranta can wajen Damaga, a can ciwo ya kama shi. Ban je dubiya ba. Jana'iza na je, na tsaya sahun baya.

Yanzu yara na tsallake waƙa a waya tun ba ta kai rabi ba. Da Isiya na nan, ba na jin zai yi musu faɗa. Zai ce a mayar da ita farko, kowa ya ɗauko biro.

Haka Luba take yi wa nata ɗaliban a Maradun. Abin da ya rage na Isiya ke nan, kuma a gidana ya rage, ni da ban cancanta ba. Duk lokacin da ta tuna shi sai ta ja Allah ya isa ga wanda ya rubuta takardar nan, ina zaune ina ji.

Tunda idona ya yi rauni ita ke karanta mini jarida. Wannan rubutun nawa ma ita zan miƙa wa.